Agwagwar Da Ta Dace Da Ɗan Makaranta

Kusan kowane yaro yana son ya sami wata 'yar dabba ko tsuntsu wanda zai ce nasa ne na kansa. Wani yana kiwon tattabaru, wani zomo, wani kuwa kakarsa ta ba shi 'yar akuya. A ƙasar Rano da Kibiya, inda damina ta fi ta arewacin Kano yalwa, akwai yara da yawa masu sha'awar agwagwa. Suna son su ga tana bin su a tsakar gida tana rangaji, tana cin tsaba a tafin hannunsu. Irin wannan shi ake kira kiwon sha'awa, watau kiwon da aka fara don sabo da jin daɗin zama tare, ba don yanka ko sayarwa ba.

To, amma agwagwa iri-iri ce, kuma kowace da halinta. In yaro ya zaɓi wadda ba ta dace da shi ba, ɗayan abu uku zai same shi. Ko dai ta mutu cikin 'yan kwanaki, ya yi asarar kuɗin da ya daɗe yana tarawa a asusu. Ko ta dami maƙwabta da kuka da ɓarna har a tilasta masa rabuwa da ita. Ko kuwa ta zama mafaɗaciya, ta riƙa korar ƙannensa. Ra'ayina shi ne, ɗan makaranta na ƙasarmu ya zaɓi agwagwar gida, mai jan fuska, mata guda biyu, daga gidan da ya ga uwarsu da idonsa. Zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya, zan kuma faɗi abin da masu wani ra'ayi suke cewa, sa'an nan ku auna da kanku.

Zuriya biyu

Dukan agwagin da mutane ke kiwo a duniya daga zuriya biyu suka fito. Zuriya ta fari ita ce ta wata agwagwar daji ta ƙasashen arewa masu sanyi, wadda namijinta ke da koren kai. Daga gare ta aka sami farar agwagwa mai bakin ruwan ƙwai, da mai launin kaki, da waɗansu masu yawa. Alamarsu ita ce, macen tana da kuka mai ƙarfi, namijin kuwa yana da gashi mai lanƙwasa a saman wutsiyarsa. Ƙwansu yakan ƙyanƙyashe a kwana 28.

Zuriya ta biyu ita ce ta agwagwar da kuka saba gani a Rano da Rurum da Kibiya da Tarai, mai jan tsiro a fuska, baƙa ko fara ko roɗi-roɗi. Ko da yake muna ce mata agwagwar gida, asalinta daga nesa ne ƙwarai. Kakanninta suna zaune a dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu, tun daga Meziko har Birazil da gaba, suna kwana a kan itatuwa a bakin koguna. Mutanen can sun daɗe suna kiwonta tun kafin Kolombas ya isa ƙasarsu a 1492. Bayan haka jiragen ruwa suka kai ta Turai da Afirka da Asiya. Turawa suna kiranta Maskobi, kamar daga birnin Mosko ta fito, alhali kuwa ba ta da wata dangantaka da Rasha. Ƙwanta yakan yi kwana 35 kafin ya ƙyanƙyashe, watau ya fi na kaza da mako biyu cur, gama na kaza kwana 21 ne.

Zuriyan nan biyu sun yi nesa da juna, har ma in aka haɗa su, 'ya'yan da za a samu ba su haihuwa, kamar yadda alfadari, ɗan jaki da goɗiya, ba ya haihuwa. Ku lura kuma, kirinjijiya da dinya da kuke gani a bakin madatsar ruwa ta Tiga tsuntsayen daji ne. Ba su shiga cikin wannan zance ba, bai kuwa kamata yaro ya kwaso ƙwansu ko 'ya'yansu ba. Abin daji a bar shi a daji.

Baƙin agwagi da halinsu

Bari mu duba baƙi guda uku waɗanda sunansu ya bazu a duniya, mu yi musu adalci.

Ta fari ita ce Fekin, farar nan tas mai bakin ruwan ƙwai. An sa mata sunan babban birnin ƙasar Sin. An kai ta Ingila a 1872, aka kai ta Amurka a 1873, daga nan ta zama agwagwar nama da aka fi kiwo a ƙasashe da yawa. Gaskiya ne tana da sanyin hali, tana saurin sabo da mutum, ba ta kuma tashi sama. Amma an zaɓe ta ne shekara da shekaru don ta yi saurin ƙiba. Saboda haka tana da ci ƙwarai, jikinta yana yi wa ƙafafunta nauyi, zafin bazara kuma yana wahal da ita. Macen tana da kuka wanda ake ji daga gida na uku, ga shi kuma ba ta cika kwanci a kan ƙwanta ba.

Ta biyu ita ce Kaki Kambel. Wata mata Baturiya mai suna Campbell ce ta samar da ita a wani ƙauye na Ingila, ta fito da mai launin kaki a 1901. Wannan sarauniyar ƙwai ce, gama in ta sami abinci mai kyau takan yi ƙwai kusan 300 a shekara. Amma tana da firgita, ba ta son a riƙe ta, yawan ƙwan nan kuwa sai da abincin kanti mai tsada yake samuwa.

Ta uku Turawa suna ce mata mai gudu ta Indiya, ko da yake daga tsibiran Indunisiya ta fito. Tsaye take tafiya ƙyam kamar kwalba, ganinta ma kawai abin dariya ne. A ƙasarsu ana kora su garke-garke zuwa gonakin shinkafa su ci ƙwari da dodon koɗi. Tana son fili mai faɗi, tana kuwa da tsoro. Yaron da ke son abokiyar da za ta zauna kusa da shi yana karatu, ba zai same ta a nan ba.

Kun ga kowace tana da nata amfani. Mai neman nama ya nemi Fekin, mai neman ƙwai ya nemi Kaki. Amma mu abokiyar zama muke nema wa yaro mai shekara goma, wanda ba shi da albashi.

Dalilan zaɓen agwagwar gida

Dalili na fari, ba ta da hayaniya. Toron agwagwar gida ba ya kuka ko kaɗan, huci kawai yake yi yana kaɗa wutsiya. Macen kuwa tana da wata 'yar ƙaramar murya mai taushi, sai ta tsorata sosai take ɗaga ta. A cikin gari irin Rano, inda katanga ɗaya ce ta raba gida da gida, wannan babban abu ne. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, gara yaro ya zaɓi tsuntsun da kukan gidansu ba ya hana maƙwabci barci.

Na biyu, ta saba da zafi. Kakanninta 'yan ƙasar zafi ne, ita kuma ta yi zamani mai tsawo a ƙasarmu. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da rana ke ƙuna a ƙasar Kano, muddin ta sami inuwa da ruwan sha, sai ta wuce bazara lafiya.

Na uku, tana neman abincinta da kanta. Tana cin ciyawa da ganye, da fara da gara da tana, tana kuma da gwaninta wajen cafke ƙuda a iska. Waɗansu masana a ƙasar Kanada sun gwada ta a garken 'yan maruƙa wajen shekara ta 1990, suka ga tana rage ƙudaje ƙwarai, har ta fi tarkunan da aka gwada ta da su. Saboda haka 'yar dusa da 'yar tsaba safe da yamma sun isa su cika mata abin da ta samo.

Na huɗu, ba ta bukatar ruwa mai yawa. Tana son wanka, amma ba ta daɗewa a cikin ruwa kamar 'yan ɗaya zuriyar. Yaron da gidansu ke nesa da Tiga ko Ruwan Kanya, ko wanda kududdufin unguwarsu ke ƙafewa da rani, tsohuwar kwatarniya ta ishe shi.

Na biyar, uwa ce ta gari. Takan tara ƙwai kamar goma zuwa goma sha biyar, ta kwanta a kansu da haƙuri har mako biyar, ta ƙyanƙyashe, ta tsare 'ya'yanta. Yaron da ya lura da wannan daga fari har ƙarshe ya koyi darasin kimiyya wanda allo ba zai iya nuna masa ba.

Na shida, tana kusa. Ba sai an tafi Kano ko Kaduna ba, ba sai an biya kuɗin mota ba. In ta yi rashin lafiya, tsofaffin unguwa sun san ta, malamin dabbobi ma ya san ta.

Don me mata, don me biyu?

Yara maza da yawa sun fi son toro, don ya fi girma da kwarjini. Toron agwagwar gida yakan kusa ninka macen a nauyi, yana da fukafukai masu ƙarfi da farata masu kaifi, waɗanda kakanninsa ke kama reshe da su. Yana ƙarami yana da daɗin sha'ani, amma in ya girma waɗansu sukan zama masu faɗa, musamman wanda aka saba yi wa tsokana. Dukan fiffikensa yana da zafi, yana iya ka da yaro mai tatata. In kuwa aka ajiye toro da mace ɗaya tak, yakan matsa mata har gashin ƙeyarta ya zube. Toro ɗaya ya kamata ya sami mata huɗu ko biyar, wannan kuwa ya fi ƙarfin ɗan makaranta.

Wani zai tambaya, in babu toro yaya za a sami 'ya'ya? Mace tana yin ƙwai ko babu toro, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, na ci ne kawai. In shekara ta zagayo yaro ya iya kiwo, yana kuma son 'ya'ya, sai ya roƙi maƙwabci mai toro a haɗa su na 'yan kwanaki, ko ya karɓo ƙwai masu kyau ya sa wa tasa sa'ad da ta fara kwanci.

Biyu kuwa, domin agwagwa tsuntsuwar garke ce. Ku kuna makaranta tun safe har azahar. In ita kaɗai ce, sai ta yini cikin kaɗaici, ta rage ci, ko ta bi agwagin wani gida ta ƙi dawowa. In su biyu ne, suna kiwo tare, suna kwana tare, hankalinsu a kwance. Fiye da biyu kuwa dusa za ta yi kaɗan, shara ta yi yawa.

Yadda ake zaɓe

Kada ku yi gaggawar saya a kasuwa. A kasuwa ana tara kaji da zabi da agwagi daga garuruwa dabam-dabam a keji ɗaya, mai lafiya da marar lafiya, ba ku kuwa san uwar ɗan da kuka saya ba. Gani ya kori ji. Ku tafi da babanku ko yayanku gidan da ake kiwo, ku yi sallama, ku nemi izinin ganin uwar. In an watsa tsaba ta matso kusa da mutane ba tare da firgita ba, akwai alamar 'ya'yanta ma sun saba da mutane.

Ku duba ɗan agwagwa da kyau. Idonsa ya zama garau, hancinsa busasshe, gindinsa ba kashi a manne, ƙafafunsa a miƙe, yana gudu yana ci tare da 'yan'uwansa. Wanda ya raɓe gefe ɗaya ya saki fukafukai, ku bar shi ko da kyauta aka ba ku.

Ku bar su wurin uwarsu har su yi kamar mako shida. Kafin nan suna bukatar ɗuminta da dare. A wannan lokaci kuma ana fara bambance mace da namiji, gama namijin ya fi tsawon jiki da kaurin ƙafa. Mai gidan zai taimake ku.

Yadda ake samun sabo

Akwai wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Konrad Lorenz, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1973. Ya nuna cewa 'ya'yan dinya da na agwagwa, abin da suka fara gani yana motsi bayan sun fito daga ƙwai shi suke ɗauka uwarsu. 'Ya'yan dinya sun riƙa binsa a baya duk inda ya sa ƙafa. Wani yaro in ya ji wannan labari sai ya so ya ɗauke ɗan agwagwa ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Ni ban yarda da haka ba. Ɗan da aka raba da uwa tun ranar fari sanyi yakan kashe shi, in kuwa ya rayu, sai ya yi ta kuka duk sa'ad da mai shi ya tafi makaranta.

Akwai hanyar da ta fi wannan. Ku riƙa ziyartarsu tun suna wurin uwarsu. In kun kawo su gida, ku tsare su a wuri ɗaya kwana bakwai, su san nan ne gidansu. Ku riƙa ba su abinci da kanku, a lokaci ɗaya kullum, kafin ku tafi makaranta da kuma bayan la'asar. Ku zaɓi kira guda ɗaya, kada ku sake shi. Ku tsuguna, ku miƙa hannu da tsaba, ku yi shiru. Ran fari ba za su zo ba, watakila ran na uku ma haka. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin wata ya cika za ku ga suna tarye ku a ƙofar gida.

Kada ku kore su da gudu, kada ku jefe su, kada kuma ku bar ƙannenku su yi haka. Kada ku ɗauki agwagwa ta ƙafa kamar yadda ake ɗaukar kaza, gama ƙafarta tana da saurin gocewa. Ku sa hannu biyu ku rufe fukafukanta a jikinta, ku ɗaga ta a hankali, ƙafafun suna kallon ƙasa don kada farata su yage ku. Macen agwagwar gida tana iya tashi ta haye katanga. Babba yana iya rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi. Ba ta jin zafi in gashin ya gama girma, zai kuma sake fitowa bayan ta sake gashi. Wannan aikin manya ne.

Ci da sha da makwanci

Dusar gero ko ta dawa ko ta masara, a dama ta da ɗan ruwa, ita ce tushen abincinsu. A ƙara musu yankakken ganyen zogale ko alayyafo, da sauran tuwon da bai lalace ba, da gara in an samu. Kullum ruwa ya kasance kusa da abinci, gama agwagwa da ruwa take haɗiya. Zurfin ruwan ya isa ta tsoma kanta duka, don ta wanke idonta da hancinta. In suna ƙanana, a sa duwatsu a cikin kaskon don kada su faɗa su kasa fita.

Ga wani gargaɗi mai muhimmanci ga mutanen ƙasar gyaɗa. Kada ku ba su gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna. A 1960 'ya'yan talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da masana suka bincika, sai suka tarar da wata guba a cikin tunkuzar gyaɗar da aka ba su, wadda wani irin fumfuna ke haifarwa. Gubar nan hanta take lalatawa, 'ya'yan agwagwa kuwa sun fi 'yan tsaki saurin mutuwa da ita. Abin da ya yi fumfuna a binne shi, kada mutum ya ci, kada tsuntsu ya ci.

Da dare a rufe su a akurki mai ƙofa, mai shan iska, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa busasshe, a riƙa sakewa. Muzuru da tunku da gafiya da dare suke farauta, shirwa da hankaka kuwa da rana suke ɗaukar ƙanana. Guza ma yana cin ƙwai da 'ya'ya a gidajen da ke kusa da ruwa.

Masu cewa agwagwa ƙazama ce

Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da iyaye ke yi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Kashin agwagwa yana da ruwa-ruwa, tana yinsa sau da yawa, tana kuma dagula duk ruwan da ta samu. Amma ku tambayi kanku, me ya sa take shiga kwatami? Domin shi ne ruwan da ta gani. In aka ajiye mata ruwa mai kyau a kwatarniya, za ku ga ta yi wanka, ta fito ta tsaya a rana tana gyaran gashinta ɗaya-ɗaya. A gindin wutsiyarta akwai wani ɗan tsiro mai fid da mai. Da bakinta take ɗiba tana shafe gashinta don kada ruwa ya ratsa shi. Tsuntsuwar da ke wannan ɗawainiya kullum ba ta cancanci dukan zargin da ake yi mata ba. Rabin ƙazantar agwagwa ta mai ita ce.

Saboda haka yaro ya killace musu kusurwa ɗaya, nesa da madafa da randa da rijiya. Ya share wurin kowace safiya, ya tara kashin a rami, gama taki ne mai kyau ga lambun makaranta. Ya zubar da ruwan jiya a gindin itace, ya zuba sabo. Kada su shiga ɗaki. Ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa su ko ƙwansu, kafin ya ci abinci, domin tsuntsu mai lafiya ma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa. Kada ya sumbace su, kome son da yake yi musu.

Waɗansu kuma suna cewa kiwon sha'awa ɓarnar hatsi ne. Amsata ita ce, agwagin gida biyu suna biyan dusarsu da ƙwai da taki da cin ƙwari. Ban da wannan, yaron da ya saba tashi da sassafe don wata halitta tana jiransa ya koyi riƙon amana, wannan kuwa ba a saye shi da mudun gero.

Haƙƙin maƙwabta da lafiyar gari

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Inda ake noman rani, agwagwar da aka saki tana iya shiga irin shinkafa ko lambun wani, ta yi ɓarnar da za ta haɗa manya faɗa. Ana kuma fesa maganin ƙwari a gonakin, wanda zai iya kashe ta. Ku ma kada ku bi ta cikin magudanar ruwa. Ruwan yana da ƙarfin jan yaro, a irin wannan ruwa kuma ake ɗaukar tsargiya. Agwagwar sha'awa a gida take zama.

Akwai kuma murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, shi ne karo na fari da aka tabbatar da irin wannan mai tsanani a Afirka, ta kuwa shiga Jihar Kano. Ta sake ɓullowa a Kano a watan Janairu na 2015. Masu kiwo sun yi asarar kaji masu ɗimbin yawa. Abin lura shi ne, agwagwa tana iya ɗauke da cutar ba tare da ta nuna alama ba, ta shafa wa kajin gida. Don haka sabuwar agwagwa a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da kaji, a kuma hana ta cuɗanya da tsuntsayen daji. In kun ga tsuntsaye suna mutuwa farat ɗaya, kada ku taɓa su da hannu, kada a yanka a ci. Ku gaya wa iyayenku su sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa a Vom, cikin Jihar Filato, inda ake gwadawa a gane cutar. Rigakafi ya fi magani.

Kafin ku fasa asusu

Agwagwar gida in ta sami kulawa takan yi shekara 8 ko fiye. Yaron da ya karɓe ta yana aji huɗu, tana iya kaiwa har ya kusa gama sakandare. Saboda haka kafin ya saya, ya tambayi kansa tambaya huɗu. Shin iyayena sun yarda? Ina zan sami dusa kullum, har da rani? Wa zai kula da su in na tafi hutu ko makarantar kwana? Zan iya shara da sake ruwa kowace safiya, har ran da ake hunturu? Wanda ya amsa dukan huɗun nan da gaskiya, ya tafi ya zaɓi mata biyu masu jan fuska. Wanda ya kasa amsa ɗaya, ya dakata tukuna, ya riƙa taimakon maƙwabci mai kiwo har ya shirya. Dakatawa ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a ɗauko mai rai a bar shi da yunwa.

Tambayoyi

1. Daga wace nahiya agwagwar gida ta fito?
2. Kwana nawa ƙwan agwagwar gida ke yi kafin ya ƙyanƙyashe? Da kwana nawa ya fi na kaza?
3. Kawo dalili uku da suka sa marubucin ya fi son agwagwar gida.
4. Don me ba a ba agwagwa gyaɗar da ta yi fumfuna?
5. Me za ka yi in ka ga kajin unguwarku suna mutuwa farat ɗaya?
6. Ka yarda da ra'ayin marubucin game da toro? Rubuta jimla biyar ka bayyana naka ra'ayi.